Zama a Birtaniya bayan kammala karatu: bizar Graduate, bizar aiki, da lissafin zama na dindindin

Ɗalibin da ya shiga Birtaniya a watan Satumba domin digiri na biyu na wata goma sha biyu, bizarsa ba ta mutuwa ranar da ya miƙa kundin bincikensa. Ana ƙara masa wata huɗu a kai, wato har cikin Janairu. Wannan wata huɗun shi ne kan gaɓa, domin a cikinsa ne jami'a za ta duba kundin, kwamitin jarrabawa ya zauna ya amince da sakamako, ofishin kula da ɗalibai baƙi ya sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida cewa wane ya kammala, sannan shi ɗalibin ya cike takardar neman biza ta gaba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya makara har bizar ta mutu, ƙofar da aka fi shiga ta rufe ke nan, kuma ba a neman ta daga gida.

Ƙofar ita ce bizar Graduate, wadda aka buɗe ranar 1 ga Yulin 2021. An taɓa yin irinta a da, aka soke ta a 2012. Tana ba mai digiri na farko ko na biyu shekara biyu, mai digirin digirgir kuma shekara uku. Daɗinta shi ne ba ta tambayar ka wa zai ɗauke ka aiki, ba ta tambayar albashi, ba ta neman takardar banki. Kana iya aikin ofis, kana iya lodi a sito, kana iya buɗe sana'ar kanka, kana iya zama ba aiki kana nema. Abin da ta hana kaɗan ne: ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati irin na marasa aiki ko na gidaje, kuma ba za ka yi wasa a matsayin ƙwararren ɗan wasa ba. Sau ɗaya ake ba mutum ita a rayuwa, ba a kuma sabunta ta. Wanda ya ci tasa bayan digiri na farko, ko ya dawo ya yi na biyu da na uku ba zai sake samu ba.

Wa'adin ma an riga an rage shi. Duk wanda ya nema daga ranar 1 ga Janairun 2027, wata goma sha takwas zai samu a maimakon shekara biyu, ban da masu digirgir da aka bar musu ukunsu. Ranar da ka miƙa takardar ake dubawa, ba ranar da ka fara karatu ba. Don haka mutum biyu 'yan aji ɗaya, wanda sakamakonsa ya fito a Nuwamban 2026 ya nema nan take, da wanda sake jarrabawa ta kai shi Janairu, tsakaninsu akwai wata shida cif.

Sharuɗɗan a takarda ba su da yawa. Dole kana cikin ƙasar, bizarka ta ɗalibta tana raye, kuma kwas ɗin da ka gama shi ne wanda aka ba ka bizar dominsa. Za a nemi lambar CAS ɗinka, wato lambar da jami'a ta ba ka lokacin neman bizar karatu, saboda haka kada ka goge saƙon da ta zo a ciki. In kwas ɗin wata goma sha biyu ne ko ƙasa da haka, ana so a ce a cikin ƙasar ka yi shi duka. In ya fi haka, aƙalla wata goma sha biyu. Ba sai ka jira bikin yaye ɗalibai ko takardar shaidar digiri ba. Abin jira ɗaya ne, saƙon jami'a cewa ta sanar da hukuma ka kammala. Wanda ya yi azarɓaɓi ya nema kafin wannan saƙon yana iya shan ƙi, kuɗin takardar kuma ya tafi.

Abu biyu ne suka fi kayar da mutane a nan. Na farko faɗuwa a darasi ɗaya ko a kundin bincike. Jami'o'i da yawa suna sa sake jarrabawa a lokacin da sakamakonta ba zai fito ba sai bayan biza ta mutu, kuma ba kowace jami'a ce za ta ba ka sabuwar CAS don sake rubuta takarda ɗaya ba, tunda kana iya aiko ta daga ko'ina. Ranar da ka ga ka faɗi, ranar ya kamata ka je ofishin ɗalibai baƙi da tambaya ɗaya: yaushe kwamiti zai zauna kan sakamakon, kafin ranar mutuwar bizata ko bayanta? Na biyu bashin kuɗin makaranta. Jami'a tana iya riƙe sakamakon wanda take bi bashi, kuma in ba sakamako ba sanarwa. Bayan da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, kuɗin da iyalai suka tara don biyan kashi na biyu da na uku ya koma bai kai ba, har a 2024 aka cire wasu ɗaliban Najeriya daga karatu a wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila saboda wannan dalilin.

Akwai sharaɗi na uku da ya shafi 'yan Najeriya da yawa, musamman malaman jami'o'i da waɗanda gwamnatocin jihohi suka tura. In wata gwamnati ko hukumar ba da tallafin karatu ta biya maka kuɗin makaranta da na zama a cikin wata goma sha biyu kafin ka nema, sai ka kawo takardar amincewarta a rubuce cewa ta yarda ka zauna. Wanda PTDF ko TETFund ko gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinsa ya san yawanci ya sa hannu kan alƙawarin komawa, kuma samun irin wannan takarda ba abu ne mai sauƙi ba. Masu tallafin Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, kuwa tun farko sun amince za su koma gida na aƙalla shekara biyu. Ɓoye wannan a takardar nema ya fi rashin bizar muni, domin ƙarya a takardar shige da fice tana iya jawo haramcin shiga ƙasar na shekara goma.

Sai kuɗi. A alƙaluman 2025, takardar nema fam 880 ce, kuɗin lafiya kuma fam 1,035 a kowace shekara, ana biyan na duka shekarun gaba ɗaya kafin a karɓi takardar. Mutum ɗaya na shekara biyu fam 2,950 ke nan. Mai mata da 'ya'ya biyu kowa da nasa fam 880, matar tana biyan kuɗin lafiya irin na mijin, yara kuma fam 776 a shekara kowannensu, jimla fam 10,764. Ana ƙara kuɗin takardar nema kusan duk shekara, yawanci a Afrilu. Iyalin da za su bi ka su ne waɗanda dama suna ƙasar a ƙarƙashin bizarka ta ɗalibta, ko ɗan da aka haifa a can a lokacinta. Ba a ɗauko amarya daga gida da wannan biza. Tun daga Janairun 2024 ma masu digiri na biyu na aji ba sa iya tafiya da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Da zarar ka miƙa takardar kafin tsohuwar biza ta mutu, doka tana ci gaba da ɗaukar ka a matsayin mai izini har a yanke hukunci, ko da ranar ta wuce. Hukuncin kan zo cikin mako takwas. Amma kada ka fita daga ƙasar a tsakanin nan, ko don biki ko don rasuwa, domin fita tana nufin ka janye takardar. Yanzu ba a ba da katin zama na roba. Izinin yana cikin asusunka na intanet, kuma duk mai ɗaukar aiki ko mai gidan haya lamba ce za ka ciro masa daga can ya duba.

To, abin da ya kamata a fahimta tun da wuri shi ne bizar Graduate zaure ce, ba cikin gida ba. Shekarun da ka yi a kanta ba sa shiga cikin shekara biyar da ake ƙirgawa kafin a ba da izinin zama na dindindin. Ƙirgar tana farawa ne ranar da ka koma bizar ƙwararrun ma'aikata, wadda ake kira Skilled Worker. Kuma a nan ne dokoki suka yi tsauri sosai cikin 'yan shekarun nan.

Wannan bizar tana da ƙafa uku, in ɗaya ta karye ba ta tsayuwa. Ta farko, sai kamfanin yana da lasisin ɗaukar baƙi. Gwamnati tana wallafa sunayen masu lasisin a shafinta kyauta, kowa na iya dubawa, kuma ɓata lokaci ne ka yi wata shida kana yi wa kamfanin da ba ya ciki hidima da tunanin wata rana zai tsaya maka, sai dai in ya yarda zai nemi lasisin, wanda shi ma yakan ɗauki makonni. Kasancewa a jerin kuma ba ya nufin kamfanin yana tsaya wa kowane ma'aikaci. Ta biyu, matakin aikin. Daga 22 ga Yulin 2025 sai aikin da aka ƙiyasta shi a matakin masu digiri, abin da ya fitar da ayyuka sama da ɗari da a da ake shiga da su. An bar 'yan kaɗan a jerin wucin gadi na ayyukan da ake ƙarancin ma'aikata, amma mai shiga ta nan ba ya kawo iyali. Abin dubawa shi ne lambar sana'a da kamfani zai rubuta maka, domin kowane aiki yana da lambarsa mai alƙalami huɗu, kuma aikin da kake yi a zahiri dole ya dace da ita. Sunan muƙami mai daɗin ji ba ya ceton kowa.

Ta uku albashi, kuma a nan ne aka fi ruɗewa. Mafi ƙarancin albashi na gama-gari fam 26,200 ne a farkon 2024. A Afrilun shekarar ya koma 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700. Ban da wannan kowace sana'a tana da nata ma'aunin, kuma wanda ya fi yawa cikin biyun shi za ka cika. Sabon mai digiri ba ya samun irin wannan albashi a yawancin garuruwan da ke wajen Landan, shi ya sa aka yi rangwamen sabon shiga: wanda bai kai shekara 26 ba, ko wanda ke kan bizar ɗalibta ko ta Graduate, ana karɓar fam 33,400 daga gare shi, ko kashi 70 cikin ɗari na ma'aunin sana'arsa, duk wanda ya fi.

Ga yadda lissafin ke tafiya. A ce ma'aunin sana'arka fam 50,000 ne. Kashi 70 ɗinsa 35,000 ne, ya fi 33,400, saboda haka 35,000 ne naka. Amma ma'aunin an gina shi ne kan awa 37.5 a mako. In takardar ɗaukar aikinka ta ce awa 40, sai a ninka 35,000 da 40 a raba da 37.5, ya zama kusan 37,333. Kamfani ya ba ka 36,000 yana ganin ya wuce layi, alhali ya gaza da fiye da dubu ɗaya. Alawus da kuɗin ƙarin lokaci da kyautar ƙarshen shekara duk ba sa shiga. Tsantsar albashi kafin haraji ake dubawa.

Tarkon da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba yana cikin wa'adin rangwamen. Shekara huɗu ne jimla, kuma zaman da ka yi a bizar Graduate yana ciki. Wanda ya cinye shekara biyunsa a Graduate, saura masa biyu kacal a matsayin sabon shiga. In sun cika, sabunta bizar sai da cikakken albashi, alhali yana da sauran shekara uku kafin ya kai biyar. Wanda kuwa ya tsallaka kai tsaye daga ɗalibta zuwa bizar aiki yana da huɗunsa cif, ƙirgar shekara biyar ta fara masa tun daga ranar farko, bai biya fam 2,950 ba, kuma kamfaninsa ya tsira daga harajin ɗaukar baƙi da ake lissafawa kan kowace shekara, wanda aka yafe wa masu sauyawa daga bizar ɗalibta amma ba a yafe wa masu fitowa daga Graduate ba. Harajin ya kai fam 1,320 a shekara ga babban kamfani da 480 ga ƙarami tun Disamban 2025. Wannan hujja ce da mai neman aiki zai iya ajiyewa a gaban ma'aikacin ɗaukar ma'aikata, domin da yawa daga cikinsu ba su san da ita ba. A ra'ayina, duk wanda ya samu tayin aiki mai lasisi kafin bizar ɗalibta ta mutu, ba shi da dalilin bi ta Graduate, sai in yana shakkar kamfanin. Sharaɗin kawai, tun Yulin 2023, shi ne ranar fara aikin ta kasance bayan ranar kammala kwas. Ɗalibin digirgir kuwa yana iya sauyawa bayan wata ashirin da huɗu.

Shakkar kamfani kuma ba wasa ba ce, domin bizar aiki tana ɗaure ka da shi. In ya sallame ka, ko ya rushe, ko aka ƙwace lasisinsa, hukuma za ta rubuto maka ta rage bizarka zuwa kwana sittin. A cikinsu za ka samo wani mai lasisi, ya ba ka sabuwar takardar CoS, wato shaidar cewa ya tsaya maka, ka sake nema ka sake biya. Ko ƙarin girma da ya canza lambar sana'arka a kamfani ɗaya yana buƙatar sabuwar takarda.

Kan CoS ɗin nan ne kasuwar 'yan damfara ta buɗe. Dillalai sun yi ta sayar wa mutane takardar a kan dubban fam, musamman a aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, mutum ya zo ya tarar babu aikin, ko awannin ba su kai ba, ko an ƙwace lasisin kamfanin bayan 'yan watanni. Kuɗin CoS na gaskiya fam 525 ne a 2025, kamfani ke biya, kuma doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka, ko dai takardar ta bogi ce ko kamfanin na kan hanyar rasa lasisi. Ita kanta hanyar kula da tsofaffin an ƙuntata ta: tun Maris 2024 ba a zuwa da iyali, daga Yulin 2025 an daina ɗauko ma'aikata daga waje, na cikin gida kuma suna iya sauyawa har zuwa Yulin 2028 in sun yi wa kamfanin aiki aƙalla wata uku kafin ya tsaya musu. Likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi lissafinsu daban ne. Bizarsu ta fi araha, ba sa biyan kuɗin lafiya, albashinsu yana bin tsarin albashin hukumar lafiya ta NHS, amma sai sun yi rajista da majalisar sana'arsu, kuma digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ba ya maye gurbin wannan rajistar.

Sauran hanyoyin na mutane ƙalilan ne. Bizar Global Talent ba ta buƙatar kamfani, sai amincewar wata cibiyar ilimi da bincike irin su Royal Society ko British Academy ko UKRI, kuma masu bincike da yawa suna samun zama na dindindin da ita cikin shekara uku. Duk mai digirgir da ya samu gurbin bincike a jami'a ya kamata ya tambayi ko aikin ya cancanta kafin ya yarda da bizar aiki. Akwai ta masu kafa sabon kasuwanci, wadda sai an tabbatar tunanin sabo ne kuma zai iya bunƙasa, shagon abinci ko na tura kaya gida ba ya wucewa. Akwai ta aure da ɗan ƙasa ko mai zama na dindindin, wadda ke buƙatar kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024. Sannan akwai ƙa'idar dogon zama: shekara goma a jere bisa izini, wadda ita tana ƙirga shekarun ɗalibta da na Graduate. Tana amfanar wanda ya fara tun daga digiri na farko ya zarce har digirgir.

Idan shekara biyar ta cika a bizar aiki, izinin dindindin yana da nasa sharuɗɗan. Kada ka yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar cikin kowane wata goma sha biyu, kuma ƙirgar tana zagayawa ne, ba daga Janairu zuwa Disamba ba, don haka a riƙa rubuta ranar fita da ta dawowa ta kowace tafiya, har Umara da hutun sallah. Akwai jarrabawar sanin rayuwar ƙasar, tambaya 24, ana so ka ci 18. Kamfani zai rubuta cewa har yanzu yana buƙatar ka, kuma a ranar albashinka ya cika ma'auni ba tare da rangwamen sabon shiga ba. Kuɗin takardar fam 3,029 ne a 2025, kowane mutum a gidan da nasa. Bayan wata goma sha biyu da samun ta ake iya neman zama ɗan ƙasa.

Shekara biyar ɗin ma tana rawa. A Mayun 2025 gwamnati ta fitar da takardar manufa da ke neman mayar da ita goma ga yawancin ma'aikata, a Nuwamba kuma sakatariyar harkokin cikin gida Shabana Mahmood ta gabatar da tsarin da zai rage wa masu babban albashi da wasu ma'aikatan gwamnati shekarun, ya ƙara wa waɗanda suka karɓi tallafi ko suka taɓa zama ba bisa izini ba. Wannan na ƙarshen shi ya sa tsaftar tarihin mutum ta ƙara daraja. Ɗalibin da ya wuce awa ashirin a mako lokacin karatu, ko ya yi aikin kai abinci da manhaja alhali bizar ɗalibta ta hana sana'ar kai, ko ya ɗauka lokacin rubuta kundi hutu ne ya shiga aikin cikakken lokaci ba tare da jami'a ta ce hutu ne ba, duk yana bar wa kansa tabon da bayanan haraji za su iya tonawa shekaru bayan haka. Wanda bizarsa ta mutu bai nemi wata ba yana da kwana goma sha huɗu ne kawai, shi ma sai da ƙwaƙƙwaran dalili kamar kwanciya a asibiti. In ya wuce kwana talatin kafin ya fita da kuɗinsa, haramcin dawowa na shekara ɗaya ya hau kansa.